Babban Yatsan Yaya Tasalla

Tun da aka sauya doka, duk wanda ya dangwala wa ɗan takarar shugaban ƙasa marar jam'iyya, yatsansa ba ya ƙara buɗe famfon unguwa sai bayan zaɓe.

Barau ya tarar da yayarsa Tasalla a layin ruwa, ya miƙa mata na'urar dangwale.

"Yaya, saura mutum ɗaya a sa sunana a takardar ƙuri'a."

Ko kallonsa ba ta yi ba. "Jiya ka kashe yatsan mijina. In na ba ka nawa, mulkinka za mu sha?"

Ta ɗora yatsa a famfo, ruwa ya zubo. Ta cika moɗa ta dangwarar a gabansa, don nasa yatsan ya daɗe da mutuwa.

"Shanye, shugaban ƙasa, ka ɓace mini da gani."