Kakarki Ba Ta Cikin Littafi

Tun da aka mayar da tsohon gari gidan tarihi, duk shekara mazauna kan ci jarrabawar asali, ko su tashi. Ran Talata jami'in hukuma ya iske Inna Dudu tana kaɗi.

"Inna, mutanen dauri ba haka suke riƙe mazari ba."

Ta dubi hannunsa, wanda bai taɓa sanin auduga ba. "Ɗan nan, kakata ta koya mini, a ɗakin nan."

Ya buɗe shafin littafin hukuma, ya taɓe baki. "Kakarki ba ta cikin littafi."

Ya ba ta kwana bakwai ta kwashe kayanta. Budurwar da za ta maye gurbinta na tsaye a zaure da takardar kwas na mako uku, tana tambaya ko hukuma ce ke ba da furfurar.