Mai Ƙanƙara da Motar Tsani

Shekara shida na yi a Fatakwal. Da na dawo, sai na tarar an sare durumin ƙofar gidanmu, an kafa shagon cajin waya a gurbinsa. Filin da muke ƙwallo ya zama gidan mai. Abokaina wasu sun yi aure, wasu sun bazu neman kuɗi, wanda ya rage kuma ba mu da hirar da ta wuce gaisuwa. Kowane gida a layin an liƙa masa mitar kati, sai namu kaɗai, har yau tsohuwar waya ce ta zamanin Baba. Kwanana huɗu ƙafata ta fara ƙaiƙayi. A na biyar Inna ta miƙo mini takardun kamfanin wuta da ta tara tun rasuwar Baba. Ta ƙarshen ta ce kwana bakwai, in ba a zo ofis ba za a yanke. Da firijin gidanmu Inna take sayar da zoɓo, da shi take ci.

Na duba jimilla, na duba aljihuna. Duk layin kallon mai kuɗi ake yi mini, ai daga Kurmi na dawo. Ta yaya zan je in zauna a benci ina roƙon sassauci? Na ce gara in koma, in na haɗa in aiko. Ina cikin ninke kaya Kawu Barau, ƙanin Inna, ya shigo ya zauna a bakin katifa. Bai ce kada in tafi ba. Misali kawai ya kawo mini.

Wai an yi wani mai sayar da ƙanƙara, firiji uku gare shi, da su yake riƙe da gidansa. Ya kwanta jinya wata biyar, bashin wuta ya hau kansa. A unguwarsu kuwa akwai wata dabara. In aka hango motar kamfani da tsani a bayanta ta shawo kwana, sai maƙwabci ya sanar da maƙwabci, duk wanda ake bi ya ɗauki gora mai ƙugiya ya zare wayarsa daga falwaya, ya naɗe, ya ja ƙofa. Ma'aikata in sun ga ba waya sai su ɗauka an riga an yanke, su wuce. In sun tafi a mayar. Mutumin nan ya ƙware har ya fi kowa sauri. Sau uku wani ma'aikaci mai riƙe da fayil yana saukowa daga motar, ya yi sallama a ƙofarsa yana kiran sunansa. Sau uku yana tsugune a bayan firiji, matarsa tana cewa ya tafi ƙauye ta'aziyya. Yana ta jin daɗin wayonsa. Ashe ba yanka ne ya kawo mutumin ba. Kamfani ne ya buɗe ƙofa ta wata biyu ga waɗanda ciwo ko karayar jari ta kayar: a yafe wani kaso, a sa mitar kati, sauran a riƙa cira kaɗan-kaɗan duk sanda aka sayi wuta. Sharaɗin dai mai gida ya zo da ƙafarsa ya sa hannu. Wata bazawara mai injin markaɗe a bayan gidansa, wadda bashinta ya ninka nasa, ta yafa mayafi ta je ta wuni a benci, ta faɗi halin da take ciki a gaban mutane, ba ta rage komai ba. Injinta bai tsaya ko yini ɗaya ba.

Shi kuwa a zare a mayar, a zare a mayar, har bakin wayar ya cinye. Wata Juma'a ana ƙwalla rana, firiji uku cike, ya mayar da ita a gaggauce, ta haɗu da 'yar'uwarta. Tartsatsi ɗaya ya ƙone injinan nan duka, ya ɗauke wa layin wuta gaba ɗaya. Ƙanƙara ta narke, ta biyo ƙarƙashin ƙofa har titi. Da motar ta dawo, ba wanda ya sanar da shi, maƙwabtan ne ma suka nuna gidan. Sanda ya je ofis, wa'adi ya wuce da kwana goma. Suka nuna masa fayil ɗin. Ga sunansa na uku a jerin waɗanda aka so a sassauta wa, an rubuta a gefe: ba a same shi ba.

Na ce wa Kawu ai ni ba ɓuya zan yi ba, nema zan tafi.

Ya ce, "Zubairu, a wurin mai sallama, bayan firiji da Fatakwal duk ɗaya ne. Kai dai nisa ka ƙara."

Na ci gaba da cusa kaya ban kalle shi ba. Na ce to in na je suka ce ba su da irin wannan sassaucin fa? Ya ce shi bai yi mini alkawarin yafiya ba, ba ofishin ubansa ba ne. Cewa ya yi in je in ji da kunnena, tunda a cikinmu ba wanda ya taɓa tambaya.

Motar Kurmi bayan azahar take tashi, hanyar tasha kuma ta gaban ofishin take bi. Na ja zif ɗin jaka, na saɓa ta, na sauke. Na sake buɗewa na ɗora takardun a saman kaya, inda hannu zai fara kaiwa. Ina ɗaura takalmi Kawu ya miƙe yana kaɗe riga, ya ce in yi sauri kafin su tafi sallah, don Bahaushe ya riga ya faɗa: rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.