Ƙwarin Da Suka Daina Gudu

Shekara talatin Mai Lambu yana noman kabeji bai taɓa sayen maganin feshi ba. Maƙwabta na cewa hannu gare shi. Shi ma ya yarda, har da ɗaga kafaɗa.

Gara ce kaɗai ta hana shi sakat. Wani bakanike ya ba shi shawara ya fasa tsofaffin baturan mota, ya barbaɗa garin cikinsu a gefen shuka. Ya yi, gara ta yi ƙaura. Shekara uku yana yi.

A ta huɗu tsutsa ta dira a kan kabejin, ta mayar da ganyen kamar rariya. Hankalinsa ya tashi, ya kira babbar 'yarsa mai aiki a ɗakin gwajin ƙasa.

Da ta zo ta ga fasassun batura a gefen lambun, ko kallon ganyen ba ta yi ba. Ta durƙusa ta ɗaga wani dutse. Baƙaƙen ƙwari biyu ne a ƙarƙashi, sun rame, suna jan ƙafa da ƙyar.

"Baba, a da in ka ɗaga dutse yaya suke yi?"

"Kafin ki ƙifta ido sun ɓace. Ga su da yawa."

"To su ke cinye maka tsutsa. Yanzu dalmar batir ta shiga ƙasa, ta shiga tsutsa, ta shiga cikinsu. Ɗan abin da suka ci, wajen yaƙi da guba jikinsu ke ƙone shi. Ba ƙarfin farauta, balle na yin ƙwai."

Ya ɗora ɗaya a tafin hannunsa. Ya daɗe yana kallon siraran ƙafafun nan shida da bayan nan mai sheƙi.

"Ikon Allah! Uwata, wato wannan ɗan abin ke yi min aiki, ni ina karɓar yabo?"

Ta ɗebi ƙasar lambun ta tafi da ita wurin aikinta. Bayan mako biyu sakamakon gwaji ya fito. Dalma ta yi wa ƙasar yawa, ba za a sake shuka abin ci a wurin ba. Da hannunsa ya tuge sauran kabejin, ya kulle ƙofar lambun, yana hawaye.

Jama'a, tsohon batir guba ne, kada mu zuba shi a ƙasa. A ƙarƙashin ƙafafunmu Allah ya ajiye halittun da ke mana hidima ba mu sani ba. Ranar da muka gurgunta su, abincinmu muka kashe.