Rariyar da ta zubar da kiran uwa

Ku yaran yanzu ba ku da haƙurin jin magana har ƙarshenta. Sai ku tsinci abin da kuke so, ku watsar da saura kamar dusa. To ku ji misali.

Akwai wani mai tara albasa daga ƙauyuka yana kaiwa birni. Ya yi boko, ya iya kwamfuta. Saƙonnin manoma suka ishe shi: gaisuwa, ya gida, ya damina, sai can ƙarshe a faɗi yawan buhuna. Sai ya rubuta wa kwamfutar wata ƙa'ida, 'yan alamomi a jere, ta zama rariya. Duk saƙon da ya shigo wayarsa ta tankaɗe shi, ta tsame lamba da sunan gari, saura ta jefa gefe. Kira ma ya daina ɗauka, wai a rubuto. Uwarsa kuwa na ƙauye, ƙafa ta ƙi, ido ya yi hazo. Kullum da la'asar tana bakin ƙofa, ko ƙarar wace mota ta ji sai ta gyara mayafi. Maƙwabciyarta ke rubuta mata saƙo. Ba buhu a ciki, ba lamba, rariya ta zubar.

Ranar da saƙon gidansu ya tsallake, cewa aka yi za a yi jana'izar uwarsa ƙarfe 2. Rariya ta tsame biyun, ta ajiye a matsayin buhu biyu daga garinsu. Har ya yi tsaki, ya ce kaya kaɗan ne, su jira. Da ya ga dama ya tura direba. Direba ya tarar da tabarmi a ƙofar gida, ana zaman makoki.

Da direba ya kawo masa labari, mai albasa ya koma wajen abin da rariya ta jefa gefe, ya tarar da uwarsa a ciki, saƙo bisa saƙo. Na ƙarshe cewa yake: "Ɗana, ba na son komai. Ka zo in taɓa fuskarka kawai." Yanzu kowace Juma'a yana tafiya ƙauyen, ya zauna a bakin ƙofar nan, ya karanta saƙonninta har gaisuwar da ke ciki. Amsa yake bayarwa a hankali, babu mai ji. Ko ƙasa bai samu ya zuba mata ba. Shi ya sa Hausawa suka ce garin neman gira a rasa ido.