Ranar da Bes Ya Zauna

"Ya zauna! Wallahi ya zauna!"

Yahya ya daka tsalle har ya kusa ture kwamfuta. Tun safe yake fama da waƙar Muhsina a ɗan sutudiyonsa na bakin bodar Jibiya. In ya ɗaga ganga, sai bes, amon nan mai kauri, ya nutse. In ya ɗaga bes, ganga ta shaƙe. Ga shi gobe za a sa waƙar a rediyo a Maraɗi.

Amma yanzu fa? Ganga na dukan ƙirji, bes na gurnani a ƙarƙashinta. Har kofin shayi rawa yake a kan tebur.

Muhsina ta shigo, ta tsaya cak. "Kai, Yahya! Mi ka yi mata?"

"Sirrin sana'a ne, Hajiya," ya ce yana juyi, alhali shi ma bai san abin da ya taɓa ba.

Ta tuɓe takalmi ta shiga rawa.

Can sai kwastan suka buɗe hanya. Tirelar masarar da ke tsaye jikin bangon shagon, injinta a kunne, ta ja ta tafi.

Kofin shayi ya daina rawa. Ganga ta rage ita kaɗai.

Yahya ya leƙa kwamfuta. Ashe layin bes a kashe yake tun azahar; rurin injin tirelar ne yake ji.

"Tsayuwar mi kake?" in ji Muhsina. "Bi shi!"

Ya suri wayarsa, ya danna rikodin, ya kwasa a guje.

"Direba! Don Allah tsaya, ba mu gama waƙa ba!"