Madarar Ya Fanna

Firizar ta yi shiru tun da hantsi. Wuta ta ɗauke, janaretan ɗakin bincike ya yi tari sau biyu ya mutu. Dakta Manasse ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin, yana jin sanyin na raguwa.

Aikinsa na shekaru ne a ciki. Ƙwayoyin halitta, na mutum da na dabba, sukan fitar da wasu 'yan jakunkuna da ido ba ya gani, suna aika wa juna saƙo a cikinsu. Madara cike take da su. Manasse yakan tace su, ya ɗura musu maganin ciwon daji, da fatan wata rana su kai shi daidai kan ciwon baki da maƙogwaro, su bar sauran jiki lafiya. In suka ɗumama, sai a koma farko.

Madarar kuwa Ya Fanna ke kawowa daga bayan Dala, inda marigayi mijinta ya bar mata 'yan shanu. Kowa ya shaida kunyarta. Hannu ɗaya riƙe da galan, ɗayan riƙe da gefen lafaya a bakinta, ƙamshin humra kuma kan riga ta shigowa. Tun ranar da ya yi mata bayanin jakunkunan, wata Talata ce ko Laraba, ta ce madarar ta zama sadaka. In ya miƙa mata dabino sai ta ƙulle, ta ce sai ta je gida. Tambayarta kullum ɗaya ce.

"Dakta, maganin ya nuna?"

"Saura kaɗan, Ya Fanna," yakan ce, idonsa na kan na'ura. Abin da yake faɗa wa kowa ke nan. A ransa ya san ko gwajin ɓeraye ba a gama ba. Kafin a kai kan mutum kuwa, wanda yake yaro yau sai ya yi gemu.

Ran nan ta same shi yana ta kiran bakanike, wayar ba ta shiga. Ta dubi firizar, ta dube shi.

"Zai lalace?"

"Kafin la'asar."

Ita ce ta tuna da Damian, mai ɗakin sanyi na kifi a unguwar Moduganari, wanda ya sa sola. Manasse ya jera kwalaben a cikin kula, ya zuba 'yar ƙanƙarar da ta rage. Suka sami keke napep da ƙyar. Cunkoso ya tsare su nesa da shagon, rana na dukan kular, ruwa ya fara ɗiga ta ƙasa. Ciwon baya ya daɗe da hana Manasse ɗaukar nauyi. Mai keken ya ɗora wa Ya Fanna kular a ka, ta yi gaba tana haki, shi yana bin ta.

"Oga Dakta, kifina ma kuka yake, batir ya kusa ƙarewa," in ji Damian. Ya dai ture katan biyu ya yi wuri. "Mama, sauke a hankali."

Kula ba galan ba ce, hannu biyu take so. Ya Fanna ta ɗan tsaya. Sannan ta saki lafayar, ta ɗaga hannuwa.

Damian ya kawar da kai. Manasse bai iya ba. Daga ƙasan haɓarta har gindin kunne kumburi ne, ya fashe, humra ma ta gaza rufe warinsa. Ciwon daji ne, irin wanda likitoci kan duba su ajiye wuƙa, don ya wuce aiki.

Ba ta sake rufewa ba. Ta tura kular cikin sanyi, ta gyara mata zama.

"Ban je asibiti ba, Dakta," ta ce, "tunda ka ce saura kaɗan."