Shuɗiyar Kwat

Shugaban makarantun gundumar ya jawo wani makaho gaban 'yan jarida. "Malam, gwada sabon shafinmu na intanet. Ba mu manta da kowa ba."

Shi dai makahon abu ɗaya ya kawo shi: ƙarfe nawa motar makaranta za ta ɗauki 'yarsa gobe? Ya taɓa wayarsa, muryar da ke karanta masa rubutu ta fara: "Hoton shugaba, yana murmushi, sanye da shuɗiyar kwat."

Aka ɓarke da tafi.

Ya gangara kan jadawalin motoci. Muryar ta ce, "Hoto," ba ta karanto lokacin ko mota ɗaya ba.

"Yallaɓai, kwat ta yi kyau," in ji shi. "Ita za ta kai min yarinyar makaranta?"